Na'ibi Zai Iso Ta Teku

Duk wanda ya taɓa zama a layin su Na'ibi a unguwar Madain Fahd ta Jidda ya san yana aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Khumra, domin ba ya barin kowa ya manta. Aikin nasa bai wuce tsayuwa a bakin sito yana ɗaga wa direbobi hannu ba, amma in ka ji shi a majalisar shayi sai ka rantse shi ke juya jiragen da ke shiga tashar Jidda.

"Ni fa lojistiks a jinina yake," in ji shi. "Ku ba ni ƙwai a nan, ku ce in kai shi Yawuri. Zai isa ko tsagewa babu, har da kazar da ta yi shi."

Akwai yarinyar da yake so, Najwa, haihuwar Jidda, mai aiki a wani kantin magani. Ita ma tana son sa, kuma in an tambaye ta dalili sai ta sunkuyar da kai ta ce yana sa ta dariya, har a lokacin da ba dariyar yake nufi ba. Sauran abu ɗaya ne kawai: mahaifinta, Alhaji Abdulkahar, dattijon da ya tsufa a aikin tashar jiragen ruwa, wanda ya tsani saɓa lokaci kamar yadda ya tsani shayi mai sanyi.

An taɓa sa wa Na'ibi ranar zuwa gaisuwa. Maimakon ya bi titin da kowa ke bi, sai ya ƙirƙiro ratse nasa na kansa, wanda ya kai shi hanyar Makka. Ko da ya iso, dattijon ya riga ya shige ɗaki.

"Abuya ya ce saura dama ɗaya," Najwa ta gaya masa a waya, tana nufin mahaifinta. "Ranar Juma'a da la'asar za mu bakin teku, can kudu bayan Khumra, gindin goribar nan da muke shimfiɗa kullum. Ya ce in rana ta faɗi ba ka zo ba, halas, shi ke nan, kada ya ƙara jin sunanka."

"Ki kwantar da hankalinki. Zuwan da zan yi, sai an riƙa ba jikokinmu labari."

"Ya Na'ibi, ni ba na son labari. Ka shigo mota ka zo kamar mutane."

"Ke dai ranar ki riƙa duban teku."

"Teku kuma? Esh ya'ni? Me kake nufi?"

A lokacin kuwa dabarar ta riga ta gama nuna a kansa.

Na'ibi dai bai jima da koyon nutso ba, irin wanda ake goya tukunyar iska a baya. Ya haɗa kayansa na gwanjo: baƙar rigar roba mai matse jiki, gilashin fuska, ɗamarar dalma, da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Akwai wani salon nutso da ba ka wahalar da kanka da iyo. Ka shiga ruwa a wuri ɗaya, jan ruwa ya ɗauke ka kana kallon kifaye, ka fita a wani wurin daban. Masu yi kan tafi su biyu ko fiye, kwalekwale na bin su ta sama. Malamin da ya koya masa ya ja masa kunne kada ya kuskura ya shiga shi kaɗai, amma Na'ibi ya ce wannan doka ce ta marasa tsari.

Ya zayyana wa abokinsa Boubacar shirin a majalisa. Boubacar ɗan Damagaram ne, yana tuƙa a-kori-kura, wadda a nan ake ce wa wanet.

"Matsalar mai nutso daga gaɓa ɗaya ce," in ji Na'ibi, ya jera kofunan shayi a kan tabarma. "Inda ka shiga ba nan za ka fita ba, mota kuwa ba ta iya iyo. To, ga maganin. In kai motata gindin goriba tun da wuri, da farar jallabiyata da turare da kwandon dabino a ciki. Kai kuma ka ɗauke ni da kayan nutso ka kai ni arewa. In shiga ruwa, ya gangaro da ni kudu, in ɓullo a gaban Alhaji yana tsakiyar shan shayi. In yi sallama, in buɗe mota, in sa fararen kaya, in durƙusa in gaishe shi."

"Bon," in ji Boubacar. "Wa ya ce maka ruwan kudu ya nufa?"

Na'ibi ya dube shi da tausayi. Ya buɗe taswira a waya ya kara masa a hanci.

"Ina arewa? Sama. Ina kudu? Ƙasa. Ka taɓa ganin ruwa ya hau sama? Ni ɗan bakin Kwara ne, tun ina tsirara nake ganin kogi yana gangarawa kudu, bai taɓa juyowa ya ce ya yi mantuwa ba."

"Ni dai ruwan da na sani na randa ne, mon ami, shi ma ba ya zuwa ko'ina. Kai wannan surukin naka ba shi da ƙofar gida ne?"

"Kowa ta ƙofa yake zuwa. Shi ya sa ba a tuna kowa."

Ranar Alhamis ya yi gwaji. Ya sa kayan gaba ɗaya a ɗakinsa, ya ce bari ya gani ko zai iya sauka daga bene da su. A matakalar farko takalmin dama ya take na hagu. Ya gangaro kamar buhun albasa, tukunyar iska na buga kowace matakala, ya tsaya a ƙofar Hajiya Maiturare, maƙwabciyarsu mai sayar da tuwo da miya ga gwagwaren layin. Ta leƙo da muciya a hannu.

"Innalillahi! Wane ne ya jefo mana tukunyar gas?"

"Ni ne, Hajiya. Gwaji nake yi."

"Na'ibi? Wannan baƙin kaya fa, wa ya mutu?"

"Gaisuwar surukai zan je."

"A haka? Ɗana, ko ɗiyar kwaɗo kake nema ai ka sa hula."

Tagogi suka buɗe, dariya ta zubo daga kowane bene. Na'ibi ya miƙe, ya kakkaɓe jiki, ya sanar da su cewa faɗuwar ma cikin gwajin take, yana auna ƙarfin tukunyar ne.

Bayan an sauko daga Juma'a suka kama hanya, motarsa a gaba, wanet a baya. Gaɓar ba kowa tukuna, sai yashi da zafin rana da goriba guda tal. Na'ibi ya saka motar daidai tsakiyar inuwarta, don kada turaren ya lalace. Ya kulle jallabiya da dabino da waya da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, a ciki, ya tsaya da makulli a hannu.

Makullin irin mai maɓallai ne, ba ya shiri da ruwa.

"Kawo in riƙe maka," in ji Boubacar.

"Kai da za ka kai kaya cikin gari? In fito in tsaya jiran ka? A lojistiks ba a dogara da mutum in akwai ƙasa."

Ya ƙunshe makullin a leda, ya ɗan tona yashi kusa da motar, ta gefen da sauran 'yar inuwa ta rage, ya binne shi sama-sama, ya shafe wurin da tafin hannu.

"Ɓarawo mota yake dubawa," in ji shi, "ba ya duba ƙasa."

Boubacar ya kai shi arewa, wani wuri mai duwatsu, ya taya shi goya tukunya.

"Allah ya kiyaye, Injiniya. In ka haɗu da kifi ɗan Damagaram ka ce ina gaida gida."

Sai da ƙurar wanet ta ɓace Na'ibi ya tuna silifas ɗinsa na cikinta. Ya ce ba komai, mai fitowa a bakin motarsa me zai yi da silifas?

Ya shiga ruwa da baya-baya, ya nutse. Gaskiya kam ƙarƙashin Bahar Maliya wata duniya ce. Murjani ya yi bango kamar lambun da aka shuka da hannu, ƙananan kifaye ruwan ɗorawa suna wucewa garke-garke, haske na saukowa zare-zare. Wani kifi shuɗi ya tsaya ya dube shi da manyan idanu, sai ya tuna yadda Najwa ke kallon sa ta saman kantar magani in ya zo sayen maganin ciwon kan da ba ya yi. Jan ruwa ya ɗauke shi a hankali, ya naɗe hannu a ƙirji kamar mai gida a kujerar baya.

Abu ɗaya ya ɗan dame shi. A lissafinsa, mai tafiya kudu ya kamata bangon murjani ya kasance a hagunsa. Ga shi kuwa a dama. Ya yi tunani kaɗan, ya gano cewa ruwa ai kamar madubi ne, komai a cikinsa a juye yake. Ya yaba wa kansa da wannan basira, ya ci gaba da kallon kifaye.

Da iskar tukunya ta yi ƙasa, ya karkata zuwa gaɓa. Ta saman ruwa ya hango inuwar mota da wani farin abu a zaune. Ya gyara gilashi, ya tattara ƙarfi, ya ɓullo tsaye, ruwa na zuba daga kafaɗunsa, hannu ɗaya a sama.

"Assalamu alaikum, Baba!"

"A'uzu billahi!"

Takalmi ya same shi a goshi. Mai farar rigar ya yi tsalle ya haye kan motarsa yana karanto duk abin da ya zo bakinsa, motar kuma ta amsa da "Meee!" Babu goriba, babu shayi, babu Najwa. Wata tsohuwar wanet ce cike da raguna.

"Mutum ne! Wallahi mutum ne!" Na'ibi ya fizge gilashin.

"Mutum? Har da Hausa?" Mai ragunan ya leƙo, ɗayan takalmin a shirye. "Ya akhuy, ɗan'uwa, daga ina? Daga Sudan ka taho a ƙasa?"

Sunansa Mahamat, mutumin Chadi, zai kai raguna kasuwar dabbobi ya ratse don ya ci abinci. Na'ibi ya tambaye shi ina goribar nan. Mahamat ya nuna kudu, ya ƙara nunawa, har sai da ya yi ɗage.

"Ba zai yiwu ba," in ji Na'ibi. "Ruwa kudu yake tafiya."

"To yau ya yi mantuwa ya koma."

Na'ibi ya dubi rana. Ta sauko, ta fara ja. Ya cire takalman agwagwa ya ce zai taka da ƙafa, duwatsun suka gasa shi ya yi rawar da bai taɓa koya ba. Ya mayar da su, ya gwada gudu, ya kifa. Ya tashi ya juya baya ya fara tafiya da ƙeya, tukunya na rinjayar sa. Mahamat ya zauna a kan mota yana kallo, har ya ɗauko sauran burodinsa.

"Ya akhuy, haka za ka je? Sai Juma'a mai zuwa."

A karon farko tun da ya zo Jidda, Na'ibi ya rasa tsari. Ya gaya masa gaskiya: yarinya, uba, faɗuwar rana.

"Aure ne? Me ya hana ka faɗa tun farko? Yalla, hau!"

Na'ibi ya nufi ƙofar gaba.

"La, la! Kujerata sabuwa ce, kai kuma ɗiga kake yi. Baya."

Haka Na'ibi, mai juya jiragen tashar Jidda, ya zauna a tsakiyar raguna. Abin da bai sani ba, rago na son gishiri kamar me, shi kuwa tun daga wuya har idon sawu gishiri ne. Ɗaya ya fara lasar gwiwarsa. Wani ya kama kafaɗa. Wani babba mai murɗaɗɗen ƙaho ya tsaya a gabansa ya shiga lasar fuskarsa da natsuwa, kamar mai aikin lada.

"Mahamat! Ragunanka za su cinye ni!"

"Bar su, tsada za su ƙara!"

Da suka hau kwalta ya hango motar 'yan sanda a gefen hanya, ya tuna iƙamarsa na kulle a gindin goriba. Me zai ce in an tambaye shi? Ya kwanta ruf da ciki a cikin kashin raguna, ya ja wutsiyar wani ya rufe kai. Ba wanda ya ko dube su. Amma a wannan kwanciyar mai ƙahon ya samu bakin tiyon iska ya tauna. Sauran iskar ta fita da "fuuu!", ragunan suka watse suka taru a kansa gaba ɗaya.

"Ƙara wuta, don Allah! Rana za ta faɗi!"

"In na yi gudu su yi amai!"

Rana ta taɓa bakin ruwa lokacin da goribar ta bayyana. Gaɓar ta cika da iyalai, ko'ina darduma da butocin shayi da hayaƙin gashi. Iyalin Alhaji Abdulkahar kuwa duk sun juya wa hanya baya suna fuskantar teku. Najwa na tsaye can bakin ruwa, gefen abayarta ya jiƙe, ta kare ido da hannu tana dubawa. Na'ibi na hango ta ya miƙe tsaye a cikin ragunan.

Bai jira motar ta tsaya ba. Ya ɗaga ƙafa zai dira, takalmin ya maƙale a ƙarfen ƙofar baya, ƙofar ta buɗe. Ya zube a yashi, mai ƙaho ya diro a bayansa, sauran suka biyo. Mata suka yi ihu suna janye farantai, maza suka bi raguna da takalma, Mahamat na kiran kowanne da sunansa.

Na'ibi ya rarrafa har bakin babbar dardumar, ya durƙusa. Mai ƙaho ya tsaya a gefensa ya ci gaba da lasar kunnensa.

"Assalamu alaikum, Baba. Ni ne Na'ibi."

Alhaji Abdulkahar ya juyo a hankali. Yana juyowa, motar da ke gindin goriba ta ɗauki kuka, fitilunta na walƙiya.

"Ga ta nan kuma!" Dattijon ya ɗaga sanda. "Tun la'asar wannan la'ananniyar ke yi mini haka. In miƙa hannu in ɗauki shayi, ta yi ihu. In gyara zama, ta buɗe bayanta. Tun kafin a haifi Najwa nake shimfiɗa a inuwar nan, yau wani marar tarbiyya ya zo ya dasa mini mota a ciki, ya bar ni a rana. Wallahi in na ga mai ita..." Ya tsaya, ya ƙare wa abin da ke gabansa kallo. "Kai ne wa?"

"Na'ibi, Baba."

"An ce in duba teku."

"An ɗan samu canjin hanya."

"Wannan fa?" Ya nuna ragon. "Waliyyinka ne?"

Wata daga cikin matan ta toshe baki da gyale. Najwa ta iso da gudu, ta tsaya tana haki, idanunta sun yi ja.

"Ya Na'ibi! Na zaci ruwa ya tafi da kai!"

"Ya tafi da ni ɗin," ya ce a hankali. "Ba dai inda na aike shi ba."

Ya dubi motar, ya dubi inda ya tona ɗazu, ya dubi inda dattijon ke zaune. Ya so ƙasa ta tsage, amma fararen kayansa na ciki, kuma ba a gaida suruki cikin rigar roba da kashin rago.

"Baba, ina neman wata alfarma. Ko za ka ɗan... ɗaga?"

"In ɗaga?"

"Kaɗan kawai."

Har maƙwabtan darduma sun matso. Alhaji Abdulkahar ya dafa sanda ya miƙe. Na'ibi ya naɗe gefen dardumar, ya sa hannu a yashi daidai gurbin zaman dattijon, ya zaro leda. Ya danna maɓalli. Motar ta yi shiru.

Dattijon ya dubi makullin. Ya dubi gurbin da ya bari a yashi. Ya dubi motar.

"Ashe ni ne," ya ce. "Tun la'asar ni ke tuƙa ta."

"Baba, a lojistiks ana kiran wannan..."

"Yi mini shiru."

Kafaɗun dattijon suka fara rawa. Ya yi ƙoƙarin haɗe rai, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa har sandar ta faɗi, ya koma ya zauna daɓas yana share hawaye da gefen rawani. Gaɓar gaba ɗaya ta ɗauka. A cikin hayaniyar mai ƙaho ya gano bayan motar a buɗe yake, ya sa kai cikin kwandon dabino.

Da dattijon ya samu numfashi, ya juya ya dubi yamma. Saura ɗan jan baki na rana a kan ruwa, kamar gefen faranti.

"Ba ta faɗi ba," ya ce. "Na ce kafin ta faɗi, ka kuwa zo. Wanda ya yarda raguna suka lashe shi don kada ya saɓa mini lokaci, ba zan kore shi ba. Ka turo manyanka."

Na'ibi ya ƙara duƙawa, ya fara zuba godiya.

"Amma su zo ta ƙasa. Kuma ba kai za ka nuna musu hanya ba."

Aka kira sallah daga wani masallaci can bakin titi. Maza suka miƙe neman ruwan alwala, Mahamat na jan mai ƙaho daga cikin dabino. Najwa ta zuba shayi ta ajiye a gefen dardumar kusa da Na'ibi, ba ta dube shi ba, amma bakinta ya kasa rufuwa.

"Kin gani ko?" ya ce ƙasa-ƙasa, ƙarfinsa ya fara dawowa. "Kan lokaci cif. Ranar ɗaukar amarya ma na riga na tsara yadda motoci za su..."

"Mahamat zan ba aikin," in ji Najwa. "Shi ya san hanya."